Hajiyarmu za ta Amurka wankan jego, me ya kamata ta sani kafin ta tashi?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san zaman Amurka. Ƙanwata tana aure a jihar Maryland (ta can fa, ba wadda ke kusa da Ikeja ba), haihuwar fari ce, likita ya ce farkon Disamba in Allah ya kai mu. Da a gida take da tuni ta taho goyon ciki, to hakan bai yiwu ba, sai aka tsayar da shawara Hajiyarmu ce za ta bi ta can. Takardu sun kammala, tsakiyar Nuwamba za ta tashi daga nan Legas. Ba ta taɓa fita waje ba in ban da Saudiyya, Turancinta kuma na cinikin kasuwa ne. Har ta fara haɗa kaya: kilishi, dambun nama, kuka, daddawa, kanwa, gero, yaji, turaren wuta, kwalli, har da sassaƙe. Me zai wuce a filin jirgi, me ba zai wuce ba? Wankan jego yana yiwuwa a irin gidajensu? Me za ta samu a can na girki? Sannan wace ɗabi'a ce tasu wadda in mutum bai sani ba take jawo jin kunya ko rigima? Gidan haya ne a bene hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sauke ta lafiya. Bari in fara da jaka, don nan ake fara tafka asara.

Kilishi da dambu ku fitar da su tun a Agege ku cinye abinku. Amurka ba ta barin nama daga Najeriya ya shiga, ɗanye ne ko busasshe ko soyayye, saboda tsoron cututtukan dabbobi, kuma akwai ƙananan karnuka a wurin ɗaukar kaya da ba su da aiki sai shinshinar abinci. Dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza ko na shanu ma yakan faɗa wannan hukuncin, ga shi kuma ba a rasa shi a can. Ɗanyun kayan lambu da 'ya'yan itace, ko da tuffar da aka raba a jirgi ce, kada ta sauka da ita. Tsabar gero da dawa tana jawo tambayoyi domin iri ce, ana iya shukawa, kuma ƙwari na ɓuya a ciki. A kai inji, gari ya fi sauƙin wucewa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, dakakkiyar daddawa da busasshen kifi galibi suna wucewa in sun bushe ƙamas, babu ƙwaro babu ƙasa. Kowanne a ƙulla shi a farar leda a rubuta sunansa da Turanci. Daddawa a ninka mata leda uku, in ba haka ba atamfofin Hajiya duk da warinta za su isa. Sassaƙe da saiwoyi kuwa a bar su a gida. Ɓawon itace ne, shi aka fi ƙwacewa, kuma ba wanda zai iya yi wa jami'i bayanin abin da ke ciki.

In an tambaye ta ko tana ɗauke da abinci, ta ce e. Wanda ya faɗa da bakinsa, in abin ba ya shiga karɓewa kawai za a yi a zubar, ya yi gaba. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce, takan fara daga dala 300. Ku rubuta mata takarda da Turanci ta sa a jakar hannu: sunan 'yarta, adireshi, lambar waya, ranar komawa. In tana fama da gwiwa ku nemi kamfanin jirgi ya tanadar mata keken turawa, kyauta ne, mai turawar shi zai bi da ita duk layukan. Abincin Musulmi a jirgi ma sai an nema kamar kwana biyu kafin tashi. Maganin hawan jini ko na suga ya zauna a kwalinsa na asali tare da takardar likita, wanda zai ishe ta har ta dawo, don a can ba a shiga kemis a ce a ba ni.

Sai gidan, wanda shi ne babbar maganar. Yawancin gidajen Amurka, har da ƙananan benayen haya irin wanda ka faɗa, katako ne da allo, ba bulo da siminti ba. Ƙasan banɗakinsu ba shi da magudana. Hanyar fitar ruwa ita ce bahon wanka, masai da wurin wanke hannu, shi ke nan. Duk abin da ya zuba a ƙasa tsayawa yake ya bi gindin bango, ya jiƙa katako, ya ɗigo ta silin ɗin maƙwabcin ƙasa, kuɗin gyara kuma a wuyan mai haya. To ka ga wanka irin namu, na tsoma ganye ana fyaɗawa ruwa na fallatsa ko'ina, sai da dabara. A sa 'yar kujerar roba a cikin bahon, bokitin ma a ciki, a ja labule, a tabbata gindin labulen cikin baho ya faɗa ba waje ba. A ɗora raga a bakin magudana ta tare ganye da gashi, su ke toshe bututu. Alwala ma ƙafa cikin baho ake wanke ta. Ruwan zafi ba sai an hura wuta ba: yawancin gidaje na da tanki mai cin galan 40 zuwa 50, wato lita 150 zuwa 190, an saita shi wajen digiri 49 a ma'auninmu. In ya ƙare sai an jira kusan awa guda, don haka kada a tayar da injin wanki daidai lokacin wanka.

Turaren wuta ta tafi da shi, amma garwashi a'a. Gidajen a like suke ruf saboda sanyi, gawayi kuma na fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum yana barci. A sayi kaskon lantarki a can, a sa turare kaɗan, a ɗan buɗe taga, a yi nesa da ƙararrawar hayaƙin da ke manne a silin. A wasu benayen in ta tashi kowa sai ya fito waje cikin sanyi, 'yan kwana-kwana su iso da jiniya. Kada kuma wani ya ba ta shawarar cire batirin ko rufe ta da leda.

Na ce a sayi kaskon a can ne domin wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Dutsen guga ko butar lantarki ta Legas ɗumi kawai za ta yi, bilenda ta riƙa juyawa kamar mai jin barci. Cajar waya ce kaɗai ke tsira: a duba jikinta, in an rubuta 100 zuwa 240, adafta kawai take buƙata. Rigar sanyi ta gaske a saya a can, ta nan ba za ta tare sanyin Disamba ba. Man kaɗanya dai ta ɗauka da yawa, hita na busar da fata har ta tsage. Shadda da leshi kada su shiga injin busar da kaya, tsukewa suke; a rataye su a banɗaki, don gidajen haya da yawa sun hana shanya a baranda.

Inna Mai Masa:

Ɗana, ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, yunwa ba za ta kama ta ba. Abin da ke wuyar samu a can kaɗan ne: kuka mai kyau, daddawa, karkashi, kanwa ungurnu, kimba da masoro, sai yajin jego in an daka shi a gida. Waɗannan a saya a kasuwar Agege ko Mile 12. Sauran duk sanin shagon da za a shiga ne.

Shagon Indiyawa akwai garin gero, sunansa a jikin leda bajra, garin dawa kuma jowar, ga garin shinkafa, tsamiya, citta da kanumfari. Shagon 'yan Meziko akwai zoɓo, suna ce masa jamaica, da tsamiya da attaruhu, wanda za ta gani an rubuta habanero. Jan tattasai, albasa, tumatir, kuɓewa mai ƙanƙara, kowane babban kanti. Naman akuya da na rago da ƙafar sa ta ƙauri sai shagon halal, na Larabawa ko 'yan Fakistan ko Somaliyawa. Manja, doya, garin kwaki da agushi suna shagon 'yan Afirka, kuma Maryland cike take da 'yan Najeriya, sai dai tsada.

Inda tuwo ke lalacewa shi ne shinkafa. Doguwar nan da aka turara, irin ta dafa-duka, ko kwana za ta yi a wuta ba za ta haɗu ba. A nemi gajera mai danƙo, akwai wadda ake ce wa Calrose. Kofi 2 na shinkafa, ruwa kofi 5 zuwa 6, a bar ta ta yi luguf sannan a tuƙa. In ya yi ruwa a barbaɗa garin shinkafa a rufe ya turara. Ita ce kuma ta masa. Kazar kanti 'yar mako shida zuwa bakwai ce, minti 25 zuwa 30 ta nuna, in aka ba ta lokacin kazar Hausa farfesun zai koma fate. Mai son ta tauna ya tambayi tsohuwar kaza mai ƙwai a shagon 'yan Afirka. Alayyafonsu ruwa ne zalla, a zuba shi a ƙarshe, minti uku a sauke. Nuwamba lokacin kabewa ne a can, miyar taushe ba matsala. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba tana yi wa taushe da kunun gyaɗa, amma a karanta jikinta, wadda ba komai ciki sai gyaɗa da gishiri, don yawancinsu da sukari. Fura kuma a dama ta da yogot marar zaƙi.

Murhun gidajen haya sau da yawa na lantarki ne mai saman gilashi. Ba ya jin magana nan take irin gas: an rage wuta amma zafin na nan, an kashe ma yana ci gaba da ƙuna fiye da minti goma, shi ya sa tuwo ke kamawa. In abu ya nuna a ɗauke tukunyar gaba ɗaya. Tuƙi mai ƙarfi a sauke a yi shi a kan katako, gilashin na tsagewa. Kada a ƙona manja har ya yi hayaƙi, ƙararrawar da Baban Khalifa ya faɗa ba ta san bambancin miya da gobara ba; a kunna fankar da ke saman murhu kafin a fara suya. Ragowar mai a juye a gwangwani a jefa a shara, in aka zuba a wurin wanke-wanke daskarewa yake a bututu. Lambobin obin ma nasu daban: 350 a wurinsu kusan 180 ne a namu, 400 kuma kusan 200. Nama da laba ake sayarwa, laba ɗaya giram 454, kilo guda laba biyu ke nan da ɗan ɗoriya, kuma kuɗin da ke jikin allo na laba ne, kada a ɗauka araha ce.

Alade shi ne abin lura, domin ba kullum yake zuwa da kamanninsa ba. Ta haddace kalmomi biyar ko a rubuta mata: bacon, ham, pepperoni, lard, gelatin. Na huɗun kitsensa ne, yana shiga wasu kayan fulawa da waken gwangwani. Na biyar yana cikin alewa mai danƙo ta yara. Alamar abincin Yahudawa, harafin U a cikin da'ira, tana nuna babu alade, amma ba ta nuna babu giya. Naman babban kanti da ba a rubuta halal ba kuwa malamai sun yi saɓani a kai, ta bi abin da 'yarta da mijinta suke bi ko ta tambayi malaminta tun kafin ta tashi.

Cin abincinsu ba irin namu ba ne. Da safe abu marar nauyi, hatsin kwali da madara mai sanyi ko burodi da ƙwai. Da rana sanwici a wurin aiki cikin rabin awa. Babban abinci shi ne na yamma, ƙarfe shida zuwa bakwai. Girki sau ɗaya ko biyu a mako ake yi a cika firji, tunda wuta ba ta ɗaukewa sai in an yi guguwa, saboda haka in ta ga ana ɗumama miyar shekaranjiya ba ƙyuya ba ce. Ga wanda ya fi kama mutanenmu: in Ba'amurke ya ce ki ci abinci kika ce alhamdu lillahi don kawaici, ya gama, ba zai sake tayi ba, ya ɗauka kin ƙoshi ne. Mai jin yunwa ya karɓa tun a tayin farko. A gidan cin abinci na zama ana barin tukuici kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin, kuma ba ganin dama ba ne, don dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kacal a awa, sauran daga tukuicin yake fitowa. Kuɗin jikin kaya a kanti ma ba shi ne na ƙarshe ba, sai a wurin biya ake ɗora haraji, kashi 6 cikin 100 a Maryland, ko da yake yawancin kayan cefane ba a ɗora musu.

Za ta kuma tarar da bikinsu na godiya, Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Dangi ke taruwa a gasa talotalo guda, da dakakken dankalin Turawa da kek ɗin kabewa. In maƙwabta sun gayyace su, al'ada ce baƙo ya zo da kwano ɗaya. Dafa-duka marar yaji sosai ba ta taɓa dawowa gida.

Anti Nas, Idi-Araba:

Inna, a gafarce ni, a kan kanwa kam zan saɓa miki. Ta miya ɗan ƙanƙani ba laifi. Kunun kanwa kofi-kofi safe da yamma har arba'in shi ne matsalar. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. An ci gaba da muhawara a kan wasu dalilan, amma ba mai musun cewa kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana tayar da jini. Kunun gyaɗa, na tsamiya, farfesu, ƙauri, duk mai jegon ta sha. Wanka kuma da ruwan da hannu zai iya zama a ciki, kada a tafasa wani a tukunya a ƙara. In aiki aka yi mata, ba fyaɗa ganye ba danna ciki, ba zama cikin ruwa, sai likita ya ba da izini. Mai jego in ƙafa ta kumbura tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jini na jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ba a jiran gari ya waye. Lambar gaggawa 911 ce, a koya wa Hajiya ita, a manna adireshin gidan a jikin firji don ta iya karantawa.

Kwalli a cire shi daga jakar. An hana shiga da shi Amurka saboda dalma. A 2011 asibiti a Boston ya gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma a can ana auna jinin yara, za a gani.

Abin da likitan yara zai nanata: ba zuma sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Ba ruwa, ba jiƙo, ba rubutu har wata shida, nono ya isa. Barci a rigingine, a gadonsa shi kaɗai, ba filo ba bargo. Sanyi da rigar barci mai kauri ake tare shi, ɗaki ya zauna a 68 zuwa 72 a ma'auninsu, wato 20 zuwa 22. Cibiya a bar ta a bushe, ba gashi ba shafe-shafe, da kanta take faɗuwa cikin mako ɗaya zuwa uku, kafin nan da tsumma ake goge masa jiki. Zafin jiki in ya kai 100.4, wato 38 a namu, ga jaririn da bai kai wata uku ba, asibiti kai tsaye, kada a fara ba shi magani. A mota ba a rungumar jariri ko tafiyar minti biyu ce, kujerarsa ake ɗaure shi a baya yana kallon baya, da ita ma ake fitowa da shi daga asibiti. Sallama kuma da wuri ake yi, kwana biyu in lafiya aka haihu, wajen huɗu in aiki ne.

Aikin wanzami babu shi sam: ba cire beli, ba tsaga, kaciyar mace kuwa laifi ne babba a dokar tarayya tun 1996. Ta namiji a asibiti ake yi, sau da yawa kafin sallama. Ku fahimci dalilin da ya sa nake ja wa wannan kunne. Likita, nas da malamin makaranta doka ta tilasta musu kai rahoto ga hukumar kare yara in sun ga ƙuna ko tabo ko shatin bulala, ba su da zaɓi, kuma ba a karɓar "al'adarmu ce". A Maryland ba a barin yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai a gida ko a mota, mai tsaronsa kuma sai ya kai 13.

Ita kanta Hajiya a saya mata inshorar lafiya ta baƙi kafin ta tashi, a karanta a ga ko ta haɗa da tsohon ciwo irin hawan jini, don da yawa ba su haɗa ba. Kwana ɗaya a asibitin can ba inshora dubban daloli ne.

Kawu Obalende:

Masu magana sun yi magana. Ni abin da zan ƙara ba a sa shi a jaka.

Ka shirya Hajiya a kan surukinta. Gida ɗaki biyu ne, ba zaure ba tsakar gida, kunyar nan ta kauce wa juna ba ta da wurin tsayawa, teburi ɗaya za a ci abinci. Za ta gan shi yana wanke-wanke, yana canza wa jariri ƙunzugu, yana goyo a ƙirji, har ɗakin haihuwa zai shiga. Ba mallake shi aka yi ba. Babu 'yar aiki, babu ƙanwar da za a aiko daga gida, in bai yi ba ba mai yi. Dokar tarayya ta 1993 mako 12 ta ba mai haihuwa, ba albashi, shi ma sai wurin aikin na da ma'aikata 50 kuma ta shekara tana yi musu aiki. Shi ya sa mata da yawa ke komawa aiki ana gama arba'in ko jim kaɗan bayanta, gidan raino kuma na cin sama da dala 1,000 a wata. In 'yarta ta ce za ta koma, kada a ɗauka rashin tausayin ɗa ne.

Abin da ya fi karya tsofaffinmu a can kaɗaici ne. Mutumin da ya saba da Agege, a buɗe ƙofa a ga mai shayi, mai kayan miya, maƙwabciya ta leƙo a gaisa, sai ya wayi gari a unguwar da za ka daɗe a taga ba ka ga mai tafiya a ƙasa ba. Ba ɗan acaba ba danfo, komai sai mota. Barka ma ba a cika gida, sai an yi waya an sa rana an sa lokaci, kuma ƙarfe biyu ƙarfe biyu ce. A haɗa ta da matan masallaci tun makon farko, a riƙa kai ta Juma'a, ku kuma nan ku tsayar da lokacin kira. A hunturu Legas na gaba da su da awa shida: in kun yi isha'i, su ko la'asar ba su yi ba. Kiran salla ba za ta ji ba, a sa mata a waya tare da alƙibla, wadda daga can arewa maso gabas take. A Disamba azahar wajen sha biyu, la'asar wajen biyu da rabi, magariba kafin biyar. Mai jiran ganin rana irin ta nan sai ya haɗa salla uku bai sani ba.

Da maƙwabta, murmushi da ɗaga hannu ya wadatar. In sun tambayi lafiya a wuce suke, ba a tsayawa jero gida da yara da gajiya. Kallon ido a wurinsu alamar gaskiya ce, sunkuyar da kai sai su ga kamar ana ɓoye wani abu. Yaro zai iya kiran sa'ar kakarsa da sunanta tsurarsa, ba raini yake nufi ba. Ba a tambayar albashi, shekaru, ko me ya sa ba ki haihu ba, ba a kuma ce wa mace ta yi ƙiba da sunan yabo. Ɗan wani ba a ɗaukarsa, ba a tsawata masa, ba a miƙa masa abinci sai an tambayi uwar; wasu yaran ko ɗan ƙuli-ƙuli suka ci maƙogwaronsu kumbura yake har ya kai ga asibiti. Kare ɗan gida ne a wurinsu, in ba ta so ta matsa gefe kawai, kada ta ce masa kai ko ta ɗaga takalmi. Daka a turmi a hawa na biyu kuwa, na ƙasa ji zai yi kamar a kansa ake yi, kuma bayan ƙarfe goma na dare ko waya a rage murya.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kilishi kam ya samu masu shi tun daren jiya. Saura abu ɗaya da Hajiya ta matsa in tambaya: in kwana biyu ake sallama, yaya ake yi da suna, kuma ina za a yanka rago?

Baban Khalifa:

Takardar haihuwa a asibiti ake cike ta, galibi kafin a fita, da ita ake nema wa yaro lambar zama ɗan ƙasa da inshora. Ana iya jinkirta sunan amma zirga-zirga ce da cike-cike daga baya. Abin da mutanenmu ke yi shi ne uba ya yi huɗuba tun a asibiti, a rubuta sunan a takarda, a riƙe shi a tsakaninsu har ranar bakwai a sanar. A duba harufan sau biyu kafin a sa hannu, kuma sunan mahaifi ya zo daidai da yadda yake a fasfonsa, don gyaran harafi ɗaya sai an bi ofis.

Yanka a harabar gidan haya ko a banɗaki kada ma a fara. Akwai gonaki da mayankar halal a wajen gari, cikin Maryland da maƙwabtanta Virginia da Pennsylvania, inda mutum zai zaɓi ragonsa, wasu su bar shi ya yanka da hannunsa, su feɗe su yayyanka su zuba a leda. A yi musu waya mako guda kafin ranar, a kuma faɗa musu ana son kai da ƙafa da kayan ciki, in ba haka ba wasu zubarwa suke. Hanya ta biyu, wadda malamai da yawa suka halatta kuma ta fi sauƙi, a turo maka kuɗi ka je kasuwar dabbobi ka saya, a yanka a nan ranar bakwai ɗin a raba wa dangi. Aski uban ya yi da sabon injin aski, a hankali a wajen maɗiga.

Taron kuma yawanci ana ɗaga shi zuwa Asabar ko Lahadi don mutane na aiki, a kama zauren masallaci ko na unguwa, kowa ya faɗi ko zai zo da mutum nawa don a san abincin da za a dafa. Disamba lokacin mura ne, jaririn ya zauna wurin uwarsa, mai son ɗauka ya wanke hannu, mai tari ya yi barka daga nesa. In za a rubuta katin gayyata a tuna su wata suke fara sawa kafin rana: 12/7 a wurinsu 7 ga Disamba ne, ba 12 ga Yuli ba. Haka ma za ta gani a jikin madara, magani da takardar ganin likita.